Gefena da Gefenta

Duk unguwar ba kowa ne ya san sunansa na gaskiya ba. Bi-Layi ake ce masa, in an so girmamawa a ƙara Malam a gaba. Sunan ya samo shi ne a bayan wata 'yar taga ta ƙaramin asibiti, inda ya yi shekara talatin da biyu yana ba marasa lafiya kati. Tagar ba ta fi faɗin buɗaɗɗen littafi ba. Daga ciki akwai kujerar katako, da akwatin katuna masu ruwan ɗorawa, da biro ɗaure da zare don kada wani ya yi gaba da shi. Daga waje kuwa dogon benci ne da mutane, kowa da abin da ya kawo shi. Ko wane ne kai, ko a wace irin mota ka zo, in ka leƙo ta tagar nan kalma biyu za ka ji: "Bi layi."

Kada a ce mugu ne. Mutum ne da ya yi imani cewa da kowa zai jira lokacinsa, da duniya ta zauna lafiya. Na farko shi ne na farko, na biyu ya biyo, daga wannan bakin benci zuwa wancan. Mutum ɗaya ce take karya masa doka, wata babbar ma'aikaciyar jinya da kowa ke kira Sista. Takan fito ta bi bencin tana duban fuskoki, sai ta kama hannun wani daga can ƙarshe ta wuce da shi ciki. In ya yi gunaguni ta ce, "Malam, kai lamba kake dubawa, ni numfashi nake dubawa." Ya haɗiye, amma har ya bar aiki abin bai taɓa kwanta masa ba.

Matarsa tela ce, Mai-Ɗinki ake ce mata. Wata safiya, tana ɗauke da tsohon cikin autarsu, ta iso asibitin tana dafa bango. Ta leƙa tagar, suka haɗa ido da mijinta. Ya ga gumin da ke goshinta sarai, amma mutum arba'in da shida na zaune suna kallon hannunsa. Ya zaro kati ya rubuta arba'in da bakwai ya miƙa mata. Ta karɓa, ta je ƙarshen benci ta zauna. Sista ce ta fito ta ɗauke ta, kafin azahar an haifi Auta.

Daga ranar Mai-Ɗinki ta sami abin tsokana na har abada. In ya ce a miƙo masa ruwa ta ce, "Sai an zo kan lamba arba'in da bakwai." In baƙi suka zo ta ba su labarin, a yi ta dariya, shi ma yana yi, har da ɗan alfahari. Bai taɓa tambayarta ko akwai wani abu a ƙarƙashin dariyar ba.

Ita ce ta shuka bishiyar. Ƙwayar lemun tsami ce da ta faɗa cikin kofin shayinta, ta tsamo ta ta tura a gwangwanin madara. Daga gwangwani zuwa bokiti, daga bokiti zuwa rabin ganga a saman benen da suke haya, inda ake shanya. Nan suka ajiye kujeru biyu. Tata tana gabas da gangar, inda rana ke fara dukan ƙasa, tana zama da allura tana kalmasa bakin riga. Tasa tana yamma, shi da rediyonsa. Shekara tara bishiyar tana ganye, ko fure ɗaya ba ta yi ba. Ya ce a sare ta a sa wani abu mai amfani. Ta ce, "Kai da ka koya wa gari guda jira, kai ne za ka gaji?"

Ba ta ga furen ba. Ta rasu bishiyar na da shekara tara, aka bar shi da kujeru biyu da butar ban ruwa. Shekara uku yana hawa kullum da safe, matakala talatin da takwas, har gwiwoyinsa suka ce sun gama nasu. Likita ya ce in ya ci gaba da hawan nan wata rana sauko da shi za a yi. Gangar ba ta ɗaukuwa, ƙasan benen kuma babu rana. Ya roƙi maƙwabta su riƙa ba ta ruwa, wannan ya manta, wancan ya malala mata ruwan wanki. Malam ya daina cin abincin kirki.

Sai Auta ta zo hutun kwana uku daga garin da take aikin rubuta manhajar kwamfuta. Ta hau sama da wani ɗan akwati kamar na ashana babba, da siririn tiyo, da ƙaramin famfo, da wasu ƙarafa biyu masu kama da ƙusa. Ta soka ɗaya a ƙasar gangar ta gabas, ɗaya ta yamma. Da ta sauko fuskarta a sake take.

"Baba, ka san ta yi 'yan ƙulle-ƙulle farare? Fure za ta yi."

Ya ƙirga a ransa. Shekara goma sha biyu. Ya juya ya kalli bango don kada yarinyar ta ga idonsa.

Ta ajiye tsohuwar kwamfutarta a kan teburin keken ɗinkin uwarta, dab da taga, ta yi masa bayani. Ƙarafan nan biyu suna jin damshin ƙasa, kowanne ya faɗi lamba daga sifiri zuwa ɗari. Za a haɗa lambobin biyu a raba biyu, a sami tsaka-tsaki. In ya gaza arba'in, famfo ya tashi. Duk abin da aka rubuta a nan ƙasa, akwatin sama zai ji ta iska.

"To wa zai rubuta?"

"Ni mana, Baba."

"A'a. Bishiyar uwarki ce, ni nake ba ta ruwa. In ƙafa ta ƙi, hannu bai ƙi ba. Koya mini."

Hali zanen dutse. Auta ta ja kujera ta zauna.

Ta ce masa lambobi ba sa komai da kansu, zama kawai suke yi kamar masu jiran likita. Ƙananan alamomin da ke tsakaninsu su ne ma'aikata. Ga mai kama da mahaɗar hanya, ita ke tarawa. Ga 'yar kwantacciyar sanda, ita ke ɗebewa. Tauraro ninkawa yake, karkatacciyar sanda kuma rabawa. Akwai wata mai ƙwallaye biyu da ba ruwanta da rabon kansa, abin da ya saura bayan an raba shi take kawowa. Wannan ta burge Malam ƙwarai, don ya san su, mutanen da kan rage a benci in an tashi aiki, a ce su dawo gobe. Akwai mai buɗaɗɗen baki da ke duban lamba biyu ta faɗi ko wannan ya gaza wancan, ita amsarta ba ta wuce e ko a'a. Ya ce da ita suka yi aiki tare da sun shirya.

Yana sauraro yana lumshe ido. Rana ta karkata ta shigo ta labule, fararen haruffa suna iyo a baƙin allon kwamfutar. A ransa yana ganin alamomin sanye da fararen riguna, suna kai da kawowa a wani dogon baranda mai warin magani, lambobi kuma sun jeru a benci da katunansu a hannu.

"Baba, biyu a tara da uku a ninka sau huɗu, nawa ne?"

Ya buɗe ido. "Biyu da uku biyar. Biyar sau huɗu ashirin."

Ta buga, ta danna. Allo ya ce goma sha huɗu.

"Ta lalace," in ji shi.

"Lafiyarta ƙalau. Ta fara ninka uku sau huɗu ne, sannan ta ƙara biyu."

"Wa ya fara zuwa?"

"Tarawa."

"To?"

"Baba, alamomin suna da manya da ƙanana. Ninkawa da rabawa ana fara sallamarsu, ko da a ƙarshen layi suka zauna. Sai in matsayinsu ɗaya ne ake bi daga hagu zuwa dama. In kana so a fara da wasu, sai ka rufe su da baka biyu, ɗaya nan ɗaya nan."

Malam ya yi tsaki. "Ashe har nan akwai Sista."

Auta ta yi dariya har da riƙe ciki. Shi kuwa ransa ya ɗan sosu, kuma mutum in ransa ya sosu kunnensa kan toshe. Ya ɗauki maganar a matsayin wani iyayi na masu ninkawa, ya bar ta ta bi ta bayan kunne. Shi ai ba ninkawa zai yi ba.

Ranar komawarta ta rubuta komai, ta bar masa layi ɗaya, na haɗawa da rabawa. Ta ce ya raɗa wa ƙarafan biyu sunan da ya ga dama. Ya yi tunani, ya tuna kujerun nan, ya sa wa na yamma gefena, na gabas gefenta. Mota na jiranta a ƙofa ta ce in ya gama ya ɗauki hoto ya aiko mata ta duba.

"Shekara talatin da biyu ina rubutu ba wanda ya bi bayana da jan biro," in ji shi. "Allah ya kiyaye hanya."

Ya zauna da yatsa ɗaya, yana neman haruffa kamar mai tsintar tsakuwa a wake, ya rubuta:

damshi = gefena + gefenta / 2

Ya karanta daga hagu zuwa dama. A tara, a raba. Tsaf, kowa a lokacinsa. Ya danna. Ranar ƙasar ta bushe ƙwarai, don haka famfo ya tashi nan take, ya ji ruwa na hawa cikin bututun da ke jikin bango yana 'yar gurnani. Malam ya jingina da kujera, ya ji daɗin da ya daɗe bai ji ba.

Kwanakin da suka biyo baya sun yi masa kamar mafarki. Bayan la'asar, in iska ta juyo, ƙanshin furen kan sauko ta tsakar benen ya shigo ɗakin. Yakan zauna a gaban allo, lamba ɗaya tana haske, arba'in da huɗu, arba'in da biyu, ya yi ta kallonta har gyangyaɗi ya ɗauke shi. A cikin gyangyaɗin yakan ji ƙarar almakashi a sama, da muryarta tana waƙar da ba ta taɓa kai ta ƙarshe ba. Wani lokaci ya ga bishiyar ta yi tsawo har ta leƙo tagarsa, ta miƙo reshe tana neman kati. Ya farka ya duba lambar, ta haura arba'in, ya ce to madalla. Famfon kan tashi jefi-jefi, ya yi ɗan aiki ya yi shiru. Ya ɗauka haka abin yake.

Sai abubuwa suka fara saukowa. Da fari fararen ɓawon fure ne, suna lilo a iska suna wuce tagarsa, ya ce ai haka fure ke yi in zai zama ɗa. Daga baya ya tarar da ƙulli guda a bakin taga, ko buɗewa bai yi ba. Kashegari uku. Ranar da ta biyo baya ganye ne, a naɗe kamar an murza shi, ya taɓa shi ya ji ya bushe. Ya dubi allo. Arba'in da biyu, in ji shi, ƙasa da damshinta.

Kwana biyu yana jayayya da kansa. Lamba ba ta ƙarya, shi shaida ne, da lamba ya ci abinci. Amma ƙanshin ya ragu, kuma tsoro ya shige shi, tsoron cewa abin da matar nan ta jira shekara tara, shi ya ƙara uku, zai zube a bakin tagarsa yana zaune yana kallo. A rana ta uku da hantsi ya cika butar ban ruwa, ya ɗauki sanda, ya ce gani ya kori ji.

Matakala talatin da takwas. Ya hau su yadda ya yi komai a rayuwarsa, ɗaya bayan ɗaya, ba tsallake. A ta goma sha biyu ya zauna. A ta ashirin da biyar ya ajiye butar ya dafa bango, ya tuna wata da ta taɓa dafa bango haka ta nufo tagarsa. Da ya tura ƙofar sama haske ya kashe masa ido, igiyoyin shanya suna kaɗawa, ga kujeru biyu nan inda ya bar su.

Bishiyar ta sunkuyar da kai. Furanni sun zube a kewayen gangar kamar an zazzage gishiri. Ya tura yatsa a gefensa, da ɗan sanyi-sanyi can ƙasa. Ya zagaya gabas ya tura, ƙasar ta yi tauri har ta ja da baya daga jikin gangar. Ya juye butar gaba ɗaya a nan, ƙasar ta shanye kamar ba a zuba ba. Sai ya zauna a kujerarta, karo na farko tun da ta rasu, rana na dukan ƙeyarsa. Ashe haka gefen nan yake da zafi, ita kuwa ba ta taɓa cewa a yi musanya ba.

Saukowa ta fi hawa wuya. Da ya iso ɗaki ya kira Auta, ya ajiye girman kai a gefe ya faɗa mata duka.

"Baba, ka hau sama? Da gwiwar nan?"

"Na hau, na sauko. Bar wannan. Na'urarki ƙarya take yi."

Ta ce ya buga wani ɗan umarni da zai nuna lambar kowane ƙarfe daban, ba ta yanzu ba, ta safiyar yau kafin ya zuba ruwa. Ya buga. Gefena talatin da biyu, gefenta ashirin.

"Karanta mini layin da ka rubuta."

Ya karanta. Ta fara magana ta fasa, irin na 'yar da ba ta son kunyata ubanta.

"Kada ki faɗa," in ji shi. "Bari in gani da kaina."

Ya jawo tsohon akwatin katunan da ya taho da shi ranar da ya bar aiki, ya zaro ɗaya ya juya bayansa. Yadda shi ya nufa: talatin da biyu da ashirin, hamsin da biyu, a raba biyu, ashirin da shida. Ƙishirwa ce tsagwaronta. Sai ya bi yadda Auta ta ce na'urar ke bi. Rabawa ta taso daga ƙarshen benci, ta kama abin da ke kusa da ita. Gefenta, ashirin, a raba biyu, goma. Sannan tarawa ta zo ta ɗora goman a kan talatin da biyu. Arba'in da biyu.

Ya daɗe yana kallon katin. Na'urar ba ta yi ƙarya ba, abin da ya rubuta ta aikata. Nasa gefen an ɗauke shi cikakke, nata an ɗauki rabi, aka haɗa aka ce lafiya lau. Shi ya rubuta haka da hannunsa, yana ganin ya yi adalci tunda ya jera kowa a layi. Baƙin ciki ya taso masa, ba na bishiya kaɗai ba. Ya tuna yadda takan ba da labarin arba'in da bakwai, da yadda takan sunkuyar da kai kan ɗinkinta tun kafin dariyar mutane ta ƙare.

"Baba, kana ji na?"

"Ina ji. Ina baka biyun nan suke?"

"A saman tara da sifiri. Ka danne dogon maɓallin nan na gefen hagu tukuna."

Ya nemo su. Ya sa ɗaya kafin sunan farko, ɗaya bayan na biyu:

damshi = (gefena + gefenta) / 2

Suka tsaya a allon kamar tafin hannu biyu sun tallabo abu. A haɗa su tukuna, sannan a raba. Ya danna. Lambar ta faɗo ƙasa da arba'in, sai bututun bango ya yi tari, ruwa ya kama hawa. Wannan karon ya daɗe yana hawa. Malam ya ɗora tafinsa a kan bututun yana jin sanyinsa, wayar na kan tebur, Auta na ta kiran Baba, Baba.

Ganyen ya daina saukowa, amma furen da ya zube ya riga ya zube. Bai sake iya hawa ba, gwiwar ta kumbura ta kwantar da shi mako biyu. Bai san abin da ya rage a sama ba, kuma ya ƙi aiken maƙwabta, don labarin ba na bakin kowa ba ne. Ya jira, shi da ya iya jira.

Bayan wata guda Auta ta zo. Ko jakarta ba ta ajiye ba ta haye sama. Yana jin takunta a matakala, yana ƙirgawa, har ta kai talatin da takwas. Ta daɗe. Da ta sauko ta tsaya a bakin ƙofa.

"Ɗan lemo guda ɗaya ne ya kama, Baba. Kore, bai fi maɓallin riga ba. Na duba ko'ina, shi kaɗai ne."

"Zai tsaya?"

"Ya riƙe reshen da kyau."

Ya gyaɗa kai. Ya ce ta miƙo masa akwatin katuna da biro. Ya zaɓi kati mai tsabta, ya ɗora shi a kan gwiwarsa mai ciwo, ya rubuta lamba a hankali da irin rubutunsa na aiki. Ya buɗe aljihun keken ɗinki ya yanko zare, ya huda katin ya zura.

"Ki koma sama ki ɗaura wannan a reshen. Kada ki matse."

Auta ta karɓa ta duba. Ta san labarin ranar haihuwarta, ta ji shi ya fi sau ɗari, kullum da dariya. Yau ba ta yi dariya ba. A katin an rubuta lamba ɗaya, ba arba'in da bakwai ba.

"Ki ce mata ta shigo," in ji Malam Bi-Layi. "Ba kowa a gabanta."